Ɗaya E, Biyu A'a

Blaenhir, 12 ga Yuni, 1978

Zuwa ga ƙanena Gethin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan kiɗanka. Mu nan lafiya lau. Maigidana Dilwyn yana aikin safe a ramin kwal wannan makon, ni kuma ina nan ina fama da tukwanen makaranta. Baba ne dai sai a hankali, zan zo kansa.

Bayan haka, jiya mun ji ka! Ka san Baba da rediyonsa ranar Lahadi, in ba waƙar coci ba ce ba a kunnawa. To jiya da bakinsa ya ce in murɗa zuwa inda ake ƙirga waƙoƙi arba'in na mako. Muka zauna muna shan hayaniya iri-iri yana ta tsaki, sai ga mutumin ya ce lamba talatin da ɗaya, sabuwar shiga, ƙungiyarku ta Marlow Sands da "Gadar Ƙarfe". Gwaggo Menna ta juye shayi a kan siket ɗinta na zuwa coci. Ni kuwa dariya ta kama ni da kuka a haɗe. Wai gadar da muke tsallakawa zuwa sayen dankali, wadda ka faɗo daga kanta kana ɗan shekara tara ka karya haƙori, ita ce yau duk ƙasa ke saurare.

Baba ya kasa kunne har aka gama. Sai ya ce, "Ya riƙe numfashin nan na baiti na biyu bai yanke ba. Ashe littafin ya yi aiki." Ka tuna littafin waƙoƙin coci da yake ɗora maka a ciki kana kwance a ƙasa, wai sai ya ga yana ɗagawa yana sauka? Da kuka kake yi, yau ga ranarsa.

Yanzu ga maganar. Likita ya zo Juma'a. Ya ce ƙurar kwal ta gama da huhun hagu, na dama ma saura kaɗan. Bai faɗi wata nawa ba, ya dai ce kada mu riƙa ajiye abubuwa sai Kirsimeti. Daga kujera zuwa ƙofa sai Baba ya tsaya sau biyu.

Gethin, tun Ista ba ka bugo waya ba. Wasiƙa, wasiƙa, sai ka ce lauya. Baba ba ya ganin rubutu sosai, ni nake karanta masa, kuma muryata ya gaji da ita shekara talatin da shida. Taka yake so. Ka bugo ranar Lahadi da yamma, zan zaunar da shi kusa da wayar.

Ni ce yayarka,
Eluned

*

Landan, 16 ga Yuni

Yaya Eluned,

Na gode da wasiƙarki, ina fatan kowa lafiya. Ki gaida Dilwyn, ki ce wa Gwaggo Menna siket yana wuyana. Ni lafiya, gajiya ce dai.

Labarin Baba ya tsaya mini a rai, tun da na karanta ban iya cin abin kirki ba. Amma Yaya, ki yi haƙuri, ba zan iya bugo waya ba a yanzu. Zuwa ma ba zai yiwu ba sai waƙar nan ta gama hawanta. Mista Askew, manajanmu, ya cika mana kwanaki kaf, yau ɗaukar hoto, gobe wani wuri. Zan riƙa rubutowa duk mako.

Ki gaya wa Baba littafin nan ina tuna shi kullum, har nauyinsa.

Ranar Alhamis mai zuwa za a nuna mu a talabijin, a shirin waƙoƙin nan na ƙarfe bakwai da rabi. Ku kalla.

Ƙaninki,
Gethin

*

Blaenhir, 23 ga Yuni

Gethin,

Ina gaisuwa, da fatan gajiyar ta sake ka. Baba yana nan jiya i yau, tarin ya fi yawa da safe.

Mun kalla. Falo ya cika har bakin matakala, maƙwabta kowa da kujerarsa. Kun yi kyau, ban da mai gangarku da ke buƙatar aski da gaggawa. Kai kuma mene ne wannan ƙyallen silikin da ka naɗe wuya da shi a tsakiyar watan Yuni? Dilwyn ya ce in ka shigo Blaenhir da shi kada ka ce ka san shi. Gwaggo Menna ta ce ka rame, na ce mata yayin Landan ne.

To bari in faɗa maka abin da ke raina, in ka ji haushi ka ji. Na zauna ina kallonka minti uku da rabi kana rera wa mutum miliyan ko nawa ne waƙa, kana lumshe ido, kana murmushi da 'yan matan da ke rawa a gaba. Kana da muryar da za ka ba duk ƙasar nan, amma ba ka da ta minti biyu da za ka ce wa ubanka sannu? Akwai akwatin waya a kowace kusurwa a Landan, na taɓa zuwa, kada ka raina mini hankali. Kwabo goma ne kawai.

Baba ya ba ni tausayi. Da kuka fito sai ya ce Dilwyn ya jawo masa kujera gaban talabijin ɗin, har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Kowa yana tafi yana ihu, shi ko ƙifta ido bai yi ba. Da aka gama wani ya ce masa, "Idwal, yau ranarka ce!" Shi kuwa Baba ya ce a kashe, a kai shi ya kwanta. Ko shayi bai sha ba. Ni na san ciwon da ya ji, ya ga ɗansa lafiya garau yana waƙa, ɗan da ya ce ba shi da lokacin waya.

Ranar Lahadin da ta wuce kun hau sha tara. Na zaunar da shi kusa da wayar duk da wasiƙarka, don na ce wataƙila ka canza shawara. Ana gama ƙirgar kuwa sai ta yi ƙara. Na ɗauka da gudu, na ji ƙit-ƙit ɗin akwatin wayar titi, kwabo ya faɗa, shi ke nan shiru, sai wani huci. Wani ɗan iska ne da ya ji sunanmu a rediyo. Na wanke shi tas na kife.

Ka bugo, Gethin. Ba roƙonka nake don kaina ba.

Eluned

*

Blaenhir, 3 ga Yuli

Gethin,

Ina fatan kana lafiya, tunda ban ji daga gare ka ba. Kwana goma ke nan. Mai cewa zai rubuto duk mako.

Mun sauko da gadon Baba falo, matakala ta fi ƙarfinsa. An kawo tukunyar iska an ajiye a gefensa. Abokansa na ƙungiyar waƙar ma'aikatan rami sun zo su shida ranar Laraba suka yi masa waƙa a hankali. Yana bin su da leɓe, sauti ba ya fita.

Jiya kun hau lamba huɗu, ina taya ka murna. Kantin faifai na Pontypridd sun manna hotonka a taga, da ƙyallen da komai.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kansa ya fara juyewa. Mai hucin nan bai daina ba, duk Lahadi ana gama ƙirga sai ya bugo. Jiya na leƙa gidan Gwaggo Menna aron matashi, na dawo na tarar Baba riƙe da kan wayar yana magana. Na tsaya a bakin ƙofa. Ji nake yana cewa, "Ƙwanƙwasa. Yadda muke yi a rami in ƙasa ta rufta da mutum. Ɗaya e, biyu a'a." Sai ya yi shiru. Sai ya ce, "Da ciwo?" Shiru. "Kana samun cin abinci?" Shiru. "Akwai mai dubanka a wurin?" Ya daɗe yana abu ɗaya, yana hutawa ya ja iska ya ci gaba, wasu maganganun ƙasa-ƙasa ban ji ba. Da ya ajiye na ce, "Baba, da wa kake?" Ya ce, "Wani ne ƙasa ta danne." Ya juya fuska bango.

Ka gani? Ya koma shekarun da yake cikin masu ceto, yana ganin mutanen da suka tono. Na shiga kicin na yi kuka har na gode Allah. Lahadi mai zuwa zan sauke kan wayar in ajiye gefe, ɗan iskan nan ba zai ƙara wasa da tsohon da ke kan gargara ba.

In ba za ka bugo ba, ka zo. Jirgin ƙasa awa uku ne.

Eluned

*

Landan, 6 ga Yuli

Yaya,

Na samu duka biyun. Ina gaida kowa. Ki yafe mini shirun.

Ki gaya wa Baba na ji maganarsa, zan kuma yi yadda ya ce. Ki ba ni mako biyu, akwai abin da zan gama, daga nan zan zo da kaina in yi miki bayani. Don Allah kada ki sauke wayar ranar Lahadi, ba a san mai nema ba.

Gethin

*

Blaenhir, 18 ga Yuli

Gethin,

Ban san ko in tambayi lafiyarka ba, na gan ka a talabijin, lafiyarka ƙalau.

Baba ya rasu ranar Alhamis, sha uku ga wata, da hantsi. Ina riƙe da hannunsa. Na aika maka talgiram kafin azahar. Na jira Alhamis, na jira Juma'a, Dilwyn ya je tasha sau uku ranar Asabar.

Ranar da ya rasu da yamma Gwaggo Menna ta shigo ta ce kana talabijin a gidan maƙwabta. Na je na leƙa ta ƙofa. Ga ka nan, ƙyallen nan, murmushin nan, awa tara da mutuwar ubanka.

Ranar Lahadi yana kwance cikin akwatinsa a falo, duk layinmu an ja labule saboda shi. Amma labule ba ya tare sauti. Daga gida uku ko huɗu nake jin rediyo ƙasa-ƙasa, mutane suna jin kunya amma sun kasa haƙura. Da na ji wani ya yi ihu ya kuma danne bakinsa, na san kun kai. Lamba ɗaya. Barka, Gethin. Ka samu abin da ka tsaya jira.

Jiya aka binne shi. Ƙungiyarsa ta yi waƙa a ƙofar gida, mutum arba'in. Ka san mu mata ba ma bin gawa makabarta, daga bakin ƙofa na tsaya ina kallo har suka hau gadar taka. Dilwyn ne ya bi bayan akwatin a inda ɗa ke tsayawa. Kowa ya gani.

Saƙonka na gaya masa, wai ka ji maganarsa. Wace magana, kai da ba ka yi magana da shi ba tun Ista? Murmushi kawai ya yi. Wayar kuma na sauke ta ranar Lahadin ƙarshe kamar yadda na ce, ban ga dalilin bin umarninka daga Landan ba. Ranar ko barci bai samu ba. Ya yi ta tambayata, "Waya ba ta yi ƙara ba?" har sau biyar. Kai yake jira har ƙarshe.

Agogonsa da fitilarsa ta rami suna nan, ya ce naka ne. Zan aiko ta gidan waya. Ba sai ka zo ba, ba kuma sai ka rubuto ba.

Eluned Bevan

*

Landan, 22 ga Yuli

Yaya Eluned,

Allah ya ji ƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Kin ce kada in rubuto. Ki karanta wannan ɗaya, in kin so ki ƙona.

Jiya aka sallame ni daga asibiti, na kwana goma sha ɗaya. Na dawo na tarar da talgiram ɗinki da wasiƙarki a kan tebur, mai gidan da nake haya ta jera su da kyau tana jirana. A tsaye na karanta.

Yaya, ba ni da murya. Tun watan Afrilu ba ni da ita.

A Janairu muka ɗauki "Gadar Ƙarfe". Lokacin ma muryar tana dushewa, su Askew har suna cewa dushewar ce ta ƙara wa waƙar daɗi. Bayan Ista likita ya leƙa ya ga tsiro a maƙogwaro, mugun, na ciwon daji. Suka cire maƙogwaron gaba ɗaya. Yanzu ta wani rami a gindin wuya nake numfashi, shi ne abin da ƙyallen ke rufewa. Ki gaya wa Dilwyn ni ma ba na son sa.

Abin da kuka gani a talabijin ba waƙa ba ce. A shirin nan ba mai rerawa, faifai ake sakawa mu kuma mu motsa baki, gangar ma an shimfiɗa mata roba don kada ta yi ƙara. Kowa a sana'ar ya san haka, shi ya sa Askew ya ce za mu iya. Ya ce in jarida ta ji, rediyo za ta ajiye waƙar, mutum huɗun da muka sha wahalar shekara tara tare a bayan mota su tashi a tutar babu. Na yarda in yi shiru har ta gama hawa. Wanda kika gani ranar da Baba ya rasu kuwa tsohon ɗauka ne na watan Yuni suka maimaita. A lokacin ina kwance ana gasa mini wuya da na'ura.

Amma kada in ɗora wa Askew duka, ƙarya zan yi. Tsoro ne. Kin tuna abin da Baba yake cewa duk lokacin da na ce zan bi su Dilwyn rami? "Na ba ramin nan huhuna don kada ya taɓa naka." Shekara arba'in yana shaƙar ƙura don ni in yi waƙa. Ta yaya zan tsaya gabansa da allo da alli in rubuta masa cewa abin ya tafi? Na ce bari ya tafi da muryar a kunnensa yadda ya san ta.

Mai hucin nan ni ne. Duk Lahadi nake zuwa akwatin da ke ƙarshen layinmu, don in ji motsin gida kawai. Zagin da kika yi mini ranar farko na ji daɗinsa, har na so ki ƙara.

Ranar da Baba ya ɗauka, ina shirin ajiyewa sai ya ce, "Gethin, kada ka kife." Ya ce tun ranar talabijin ya sani. Ya ce, "Ni na koya maka jan iska. Na zuba wa ƙirjinka ido minti uku, ko sau ɗaya bai ɗaga inda ya kamata ba. Na ce yaron nan ba waƙa yake ba, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙyallen ba ado ba ne." Sai ya ce in ƙwanƙwasa. Na ɗauki kwabo na buga a jikin wayar. Ya tambaye ni ko muryar za ta dawo, na buga biyu. Ina jin tukunyar iskarsa, shi yana jin ramin wuyana. Sannan ya ce, "To mun zama mu biyu. Ni ɗa na haifa, ba faifai ba, ka ji ko?" Na buga ɗaya. Ya ce ba zai gaya miki ba, maganata ce, in zo in faɗa da kaina, kuma kada in daɗe.

Na daɗe, Yaya. Na ce bari in gama asibiti in zo da ɗan ƙarfina.

Lahadin ƙarshe na bugo waya sau goma sha huɗu, ba ta shiga ba. Kada ki ɗora wa kanki wannan, kin tsare shi ne daga wani ɗan iska, kuma ni na bar ki cikin duhu. Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe.

An kawo mini wani faifai mai ruwan azurfa a cikin gilashi, wai na lamba ɗaya. Yana jingine a bayan ƙofa. Duk shagon da na shiga muryata nake ji, in tsaya ina nuna burodi da yatsa.

Ƙaninki,
Gethin

*

Blaenhir, 26 ga Yuli

Ƙanena,

Yaya jikin? Tambayar da ya kamata in yi tun watan Yuni ke nan, na tsaya ina yi wa ƙyalle dariya.

Na karanta wasiƙarka a kicin, na sake karantawa a kan matakala, sannan na je na zauna a ƙasa inda gadon Baba yake. Dilwyn ya dawo daga aiki ya same ni a wurin. Da ya karanta sai ya fita bayan gida, ya daɗe yana kallon kabejinsa.

Ka ce kada in ɗora wa kaina. Sau biyar ya tambaye ni, Gethin, kan wayar yana ajiye a bayan tukunyar fure inda ba zai gani ba, ni kuma ina ce masa ba ta yi ƙara ba. Wannan nawa ne, zan ɗauka, kada ka ƙwace mini. Kai ma ka ɗauki naka, don har yanzu ina jin haushinka. Wata uku kana kwance da rami a wuya a garin da ba ka da kowa, ka hana ni ko miya in dafa maka. Ni da na yi maka wanka har ka shiga makaranta, ni za ka ɓoye wa wuya?

Agogo da fitila ba zan aiko ba. Na fasa.

Ranar Lahadi sun ce wata waƙa za ta ture taku, Gwaggo Menna ce ta karanta a jarida. Su ture. Ba zan kunna rediyo ba. Ƙarfe biyar zan ja kujerar Baba kusa da wayar in zauna, ka nemi kwabbai da yawa don ina da surutun wata huɗu. Ni zan yi magana, kai ka ƙwanƙwasa yadda ya koya maka.

Tambayar farko ga ta tun yanzu, don ka shirya. Na wanke zanen gadon ɗakinka, akwai jirgi ranar Litinin da safe, Dilwyn ya ce zai jira ka a tasha ko da ƙyalle goma ka naɗo. Za ka dawo gida?

Sau ɗaya za ka buga, Gethin. In na ji biyu, ni zan hau jirgin.

Ni ce yayarka,
Eluned